Ƙwaryar da ta fito daga ɗakin Alhaji

Zauren zumunta na 'ya'ya da jikokin Alhaji Buba

Nura: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa, ya muka ji da ruwa? Kun dai ji ruwan daren Talata ya kayar da bangon yamma na ɗakin Alhaji, wanda muke zuba harawa a ciki. Yau ni da yara muka shiga kwashe ƙasa. Can sama, tsakanin azara da bango, aka cusa wani tsohon buhun algarara, a cikinsa muka samu abin nan da na turo hotonsa. Rabin ƙwarya ce, an rufe bakinta da fata an kafe da ƙananan ƙusoshi, sanda ta ratsa ta, gara ta cinye gefe guda. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe a naɗe cikin tsumma, da dunƙulen ƙaro da ya bushe ya zama kamar tsakuwa. Wa zai gaya mana mene ne wannan, kuma me ya kai shi ɗakin mutumin da muka taso ba mu taɓa ganin hannunsa babu carbi ba?

Sadiku: Taubashi, kai da kake koyar da 'ya'yan mutane a firamare ba ka san goge ba? Ko makaho ya shafa ai ya san ba ludayin fura ba ne.

Nura: Na sani sarai, bawana. So nake babba ya faɗa da bakinsa.

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam. Nura, ka goge hoton nan. Abin da mai shi ya ɓoye da hannunsa shekara hamsin, bai kamata jikansa ya baje shi a waya ba. Ka haƙa rami ka binne, ko ka sa a murhu. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Magana ta ƙare.

Sadiku: Kawu Malam, ka ce "goge hoton", kai ma ga shi ka ambaci sunan abin.

Hajiya Rabi: Sadiku, ba ka da ta ido. Ana maganar kakanka kana shashanci.

Sadiku: Tuba nake Inna. Amma ai jika da kaka akwai wasa, ko yana kabari abokin wasana ne. Mutumin da ya fasa min rediyo a 1995 don ya ji ina sauraren kiɗa, ashe gwani ne ya ji ana ɓata sana'a.

Baffa Haladu: Na ga hoton tun la'asar, na kasa rubuta komai sai yanzu da na idar da isha'i. Sabi'u, ka yi haƙuri, ba zan bi ka a wannan ba. Kai ba ka ga zamanin ba, bayansa aka haife ka. Ni na gani. Yaran nan kuma sun girma, wasu sun aurar da 'ya'ya. Gara su ji a bakinmu da su ji a bakin ɗan adawa ranar da ɗayansu ya fito takarar kansila.

Eh, Baba makaɗin goge ne. Ba gado ya yi ba, haye ya yi, don kakanmu manomi ne, ko ganga ba a taɓa ratayawa a gidan nan ba. Yana saurayi ya bi wani mai goge mutumin Damagaram, ya fara da kaɗa masa ƙwarya, har hannunsa ya faɗa. A gida Buba ne. A bariki kuwa ba wanda ya san shi sai da Kwana-zaune.

Ku da kuka taso kuka ga tashar Malam Madori ciyawa ta cinye dogo ba za ku gane ba. Tun da jirgi ya isa Nguru a 1930, duk tashoshin da ke kan layin nan, Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, suka zama wuraren awon gyaɗa. Da kaka ta yi, kantunan Turawa da na Kwarori za su kafa sikeli, buhu ya taru kamar tsauni ana jiran wagunu a kai Kano. Ga 'yan dako, ga 'yan kamasho, ga direbobi, ga malaman awo, ga ma'aikatan reluwe waɗanda yawancinsu mutanen Kudu ne. Duk maza ne da kuɗi a aljihu, iyali kuma suna can nesa. To ina kuke so su kwana? Bayan tasha akwai gidan magajiya, akwai kuma wani otal mai rufin kwano na wani Inyamuri. Nan Baba yake wasa, daga an gama cire gyaɗa har zafi ya shigo. Idan kasuwa ta yi sanyi su hau jirgi zuwa Nguru, ko su yi yamma su sauka Sabon Garin Kano su yi wata guda. Da an ga hadari ya dawo gida ya ɗauki fartanya kamar kowa.

Bashir: Baba, wallahi shekarata ashirin da huɗu a gidanka ban taɓa jin wannan ba. Kai ce mana kake yi Alhaji harkar gyaɗa ya yi.

Baffa Haladu: Ai ban yi ƙarya ba. Kuɗin gyaɗa ya ci, sai dai ba a kan sikeli ba.

Malam Sabi'u: Yaya, da girmanka. Wannan abin dariya ne? Gidan da ake shan burkutu da kwalba, ana karta, ana abin da baki ba zai faɗa ba. An umarce mu mu ambaci mamatanmu da alheri. Mutum ya tuba, ya je Makka, ya yi shekara ashirin da wani abu yana kiran sallar asuba a masallacin ƙofar gida. Wanda Allah Ya rufa wa asiri, mu wane ne da za mu yaye?

Bashir: Baffa Malam, Allah Ya ƙara sani, amma ina da ɗan ja. Ni a ganina ba tonon asiri ba ne, tarihi ne. A jami'a akwai malaman da suka yi digiri a kan irin waɗannan makaɗan. Gaskiya ne goge ya fi sauran kayan kiɗa baƙin jini, shi ake wa kirari da "kan bidi'a", saboda alaƙarsa da bori da gidajen mata masu zaman kansu, kuma malaman jihadi sun yi wa'azi a kansa shi da molo. Amma waɗannan gidajen su ne dandalin da talaka yake da shi a lokacin. Bayan an kafa NEPU a 1950, jam'iyyu duka biyun, ita da NPC, sun jawo magajiyoyi da makaɗansu don tara jama'a. Shata ma ya yi wasa a otal-otal, ƙarshe Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ga Haruna Uji nan namu na Haɗeja da gurminsa, wa yake jin kunyar sunansa yau?

Baffa Haladu: Bashir, rage gudu. Waɗancan Allah Ya ɗaga su, rediyon Kaduna ta ɗauki muryarsu, suka yi wa sarakuna da attajirai waƙa. Kakanka bai kai nan ba. Irinsu ɗaruruwa ne, kowace tasha da nata, ba faifai ba hoto. Kada ka mayar da shi abin da bai zama ba. Kuma kada ka ƙawata wurin, don na shiga da ƙafata.

Ina ɗan shekara tara, lokacin yaƙin basasa ne, 1969. Ƙanwarmu Talatu, wadda ta rasu tana goye, jikinta ya yi zafi da daddare, Inna ta rasa wanda za ta aika sai ni. Na bi wani maƙwabcinmu mai keke har tasha, ya nuna min ƙofa ya ce shi ba zai shiga ba. Mai otal ɗin na farko ya tafi tun rikicin 1966, wani ne yake riƙe da wurin, amma ba abin da ya canja. Abin da na fara ji shi ne wari: tsamin burkutu, hayaƙin sigari, fitsari daga bayan katanga, da ƙamshin tsire duk a haɗe. Fitila mai famfo guda biyu an rataye a jikin ginshiƙi tana huci, ƙwari sun yi mata dafifi. A kusurwa wasu sun dunƙule kan tabarma suna karta ba mai ɗaga kai. 'Yan daudu na ta kai da kawo da kwanukan abinci. Sojoji uku ko huɗu da suka zo hutu sun baje a benci, su ne masu kuɗin ranar.

Sai na hango shi. Yana zaune a kan turmi da aka kifa, ba riga sai 'yar shara, masu ƙwarya biyu a gabansa. Ya kwantar da kai gefe guda, idonsa a rufe. Wata mata tana rawa, tana zuwa ta manna masa sule a goshi, gumi ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya zame ya faɗa cikin ƙwaryar da ke tsakanin ƙafafunsa. Ni ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. A gida mutum ne mai ɗaure fuska, ko dariya sai da dalili. A nan kuwa kamar an sauke masa kaya.

Ya buɗe ido ya gan ni. Bai tsaya ba. Sai ya juya da turmin gaba ɗaya ya fuskanci bango, ya ba jama'a baya, ya ƙarasa kiɗan a haka. Mutane suka ɗauka salo ne, har da tafi. Da ya gama ya ja hannuna ta ƙofar baya, ya saya min tsiren sisi, muka kamo hanya a ƙasa cikin duhu, gogen na rataye a bayansa cikin buhu. Har muka iso gida kalma ɗaya ya ce min: "Ba ka gan ni ba." Na riƙe masa ita har ya koma ga Allah a 1998, na ƙara da wasu shekarun a kai. Yau na karya.

Hajiya Rabi: Allahu akbar. Yaya, ni wannan ban taɓa ji ba.

Nura: Baffa, na karanta sau uku. Allah Ya jiƙan Alhaji da Gwaggo Talatu.

Hajiya Rabi: Tunda an buɗe, bari in faɗi nawa, don ni na ɗanɗana kuɗar abin ba tare da na ga ko kiɗan ba. Kun san kafin Alhajinku akwai wanda ya fara nemana, ɗan wani gida a cikin Haɗeja, ba sai na kama suna ba. An kawo gaisuwar iyaye, an kusa sa rana. Sai suka aiko a yi bincike. Lokacin Baba ya kai shekara goma da ajiye goge, ya yi Makka, ana ce masa Alhaji. Wata tsohuwa a danginsu ta ce ba za a haɗa musu jini da maroƙa ba, balle maroƙin bariki. Aka aiko a karɓi kaya. Na yi wata ban fita ko ɗiban ruwa ba. Baba bai ce min komai ba, amma ranar da aka zo kwasar kayan bai ci tuwo ba, ya kwana a masallaci. Saboda haka Nura, ni ban ce ka binne ba, amma kada in ga hoton nan a Facebook. Akwai 'yan mata a gidan nan da ba su yi aure ba, kuma mutanenmu ba su canja yadda kuke zato ba.

Bashir: Gwaggo, yanzu fa mawaƙa ne masu kuɗi, 'yan siyasa na raba musu motoci, mutane na rububin ba su 'ya'ya.

Hajiya Rabi: Mai mota ake ba, ɗana. Je ka ce kai jikan mai gogen gidan magajiya ne ka ga ko za a ba ka ko bazawara.

Malam Sabi'u: Kun ji dai. Abin da nake gudu ke nan.

Ummi: Salamu alaikum. Hajiya Babba ce ta sa na karanta mata duk abin da aka rubuta, ta ce in rubuta nata yadda ta faɗa, kada in gyara ko kalma. Ga shi:

"Ku gaya wa Haladu ya iya ba da labari amma rabi ya sani, don shi namiji ne, bai ga abin da ake yi da safe ba. Ni ce babba, ni nake tashi da Inna. Baba zai shigo gab da asuba ya ajiye ƙunshin kuɗi a bakin ƙofar ɗakinta, ba ya miƙa mata a hannu. Ita kuma ba ta taɓawa sai ta juye su a kasko, ta zuba ruwa da toka ta wanke su tas, sule da sisi da taro da kwabo mai huda, ta shanya a faifai. Wai warin giya suke. Ni nake tsare su kada kaji su watsar. Da waɗannan kuɗin aka biya harajin gidan nan shekara da shekaru, har na ƙannen Baba. Da su aka yi min gara. Gonar tsamiya da kuke rabon geronta duk shekara, fam goma sha biyu ya saye ta, kuma ba a gona ya samo fam ɗin ba. Wanda zai ce a binne ƙwarya, to ya fara dawo da geron da ya ci."

Ta ce kuma in ƙara, tabon da ke gefen wuyan Alhaji da ake ce mana ƙaho ne na saniya, ba saniya ba ce. Faɗa ne ya tashi a wajen 'yan karta aka fasa kwalba, shi yana tsakiya. 'Yan doka suka kwashe kowa, ya kwana uku a hannunsu, sai da magajiya ta je ta yi belinsa.

Sadiku: Tsohuwa ta fasa ƙwai! Kawu Malam, buhu nawa aka kai maka bara daga gonar tsamiya? Ina da amalanke idan za a dawo da su.

Hajiya Rabi: Sadiku!

Malam Sabi'u: Bar shi, Yaya Rabi, ɗana ne. Yaya Babba, Allah Ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya ba. Maganar gona kuwa na daɗe da tambayar malaman da suka fi ni, tun ina makaranta, don ta taɓa hana ni barci. Abin da suka gaya min, mutum ya tuba, dukiya ta cakuɗa da guminsa na noma shekara da shekaru, ta zo hannun magada ta hanyar gado, ba a ɗora wa magada laifin da ba su yi ba, sai dai su yawaita yi masa sadaka. Shi ya sa kuke ganin kason da nake samu rabinsa makarantar allo yake tafiya. Ban taɓa faɗin dalili ba sai yau.

Baffa Haladu: Wannan kuma ban sani ba. Allah Ya karɓa. Amma tunda gaskiya ake faɗa, ni ina da shakka a kan yadda ake ba da labarin tuban nan, kamar wani dare ne ya yi mafarki ya farka ya ajiye. Ku duba lokacin. Farin 1972 da 1973 ya ƙone amfanin gona. Aka canja kuɗi a farkon 1973, fam ya koma naira biyu, sule ya zama kwabo goma, mutanen ƙauye duk suka rikice. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta gama da abin da fari ya bari. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, kantuna suka rufe, 'yan dako suka watse. Wa zai manna maka sule a goshi alhali bai ci ba? Ga kaset ya fara shigowa, mai otal ya gane rikoda ba ta cin tuwo ba ta neman kaso. Ni a ganina sana'ar ce ta fara barinsa kafin ya bar ta.

Malam Sabi'u: Yaya, a nan kam ka yi masa rashin adalci. Abokansa nawa suka koma Kano da Legas suka ci gaba har suka mutu a ɗakin haya ba mai yi musu sutura? Hanya a buɗe take, bai bi ba. Ko yunwa ce ta koro mutum ƙofar Allah, ai ya zo. Kuma ba kai ka san abin da ke zuciyarsa ba.

Baffa Haladu: Ban sani ba, gaskiya ne. Amma na san har ya tsufa, idan yana jan carbi, yatsun hannunsa na hagu ba sa zama wuri ɗaya. Suna tafiya a kan gwiwarsa kamar mai taɓa tsirkiya. Nura, kai da kake zama kusa da shi, ka tuna?

Nura: Wallahi na tuna, Baffa! Mu muna cewa rawar tsufa ce. Har kwaikwayonsa muke yi a bayan ɗaki.

Bashir: To babu ko kaset ɗaya? Ko wani da ya taɓa ɗauka?

Ummi: Na tambayi Hajiya Babba. Ta ce babu. Amma ta yi shiru, sai ta fara yin wani sauti da hanci, a hankali, yana hawa yana sauka, ta kai minti biyu. Ta ce da shi yake gwada tsirkiya a bayan rumbu kafin ya fita, bayan ya gasa fatar a bakin murhu don ta ɗaure, ya shafa wa izgar ƙaro. Na ce ta faɗi baitin, ta ce baitin ba na gaban jikoki ba ne. Tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Na ce ta ci gaba da labarin shekarar fari, ta ce a'a, daga nan sauran ba nata ba ne, mai shi yana cikin zauren nan, in ya ga dama ya faɗa.

Sadiku: Wane ne kuma mai shi?

Hajiya Rabi: Sadiku, kai dai ka yi shiru haka nan.

Nura: Shiru ya yi yawa. Ko in cire hoton ne?

Malam Sabi'u: Bar shi tukuna. Na fita masallaci na dawo, na rubuta na share ya fi sau biyar. Ni Yaya Babba take nufi.

Ku yara ba ku san al'adar da ba. Idan ruwa ya ƙi sauka, bayan an fita roƙon ruwa, akan yi shela cewa matan da ke zaman kansu ko dai su yi aure cikin kwanaki kaɗan ko su bar gari. A shekarar farin nan an yi haka. Gidan bayan tasha ya watse, wasu suka hau jirgi, wasu suka yi auren kwana biyu don a bar su. Akwai wata yarinya a cikinsu, ba ta kai ashirin da biyar ba. An yi mata auren dole da wani tsoho tana 'yar sha uku a can wajen iyaka, ta gudu sau uku ana mayar da ita, na huɗun ba ta tsaya ba sai tasha. Ba ta da inda za ta koma. Baba ya je wurin liman ya biya sadaki, ya kawo ta gidan nan a kan jakin aro. Ita ce Iya ta ɗakin gabas. Ita ta haife ni.

Da bakinta ta gaya min, saura kwana tara ta rasu, ni da ita kaɗai a ɗaki. Ta ce ranar da ya kawo ta, a kan hanya, ita ta ce masa ba za ta zauna gidan da za a riƙa fita da goge da daddare ba, don in tana jin sa ƙafarta ba za ta zauna ba. Ya ce ya ji. Ta ce kuma Innarsu Yaya, wadda kowa ya zata za ta tayar da bori, ita ta fito ta karɓi ƙunshin kayanta, ta ba ta zani, kuma har suka rabu ba ta taɓa yi mata gori ba ko a cikin faɗa.

Yawancinku ita ta yanke muku cibiya. Matan gidan nan da yawa a wurinta suka koyi alwala da Fatiha. Ba kunyarta nake ji ba, Allah Ya sani. Amma duk wanda ya ja zaren gogen nan, ƙarshensa a ƙofar ɗakinta zai tsaya, kuma mutane za su yafe wa namiji abin da ba za su yafe wa mace ba ko tana kabari. Shi ya sa na ce a binne. Yaya Haladu, ga amsar shakkarka ta ɗazu, iyakar abin da na sani.

Amana ce na ba ku. Kada ta fita zauren nan.

Baffa Haladu: Sabi'u, ka yafe min. Na san daga inda Iya ta zo, ina da wayo lokacin. Amma maganar kan hanya ban taɓa ji ba. Na janye abin da na ce.

Malam Sabi'u: Ba sai ka janye duka ba, Yaya. Fari ma ya yi nasa.

Hajiya Rabi: Allah Ya jiƙan Iya. Ni da aka dawo da kayana, ita ta kwana da ni sati guda tana ba ni labarin ban dariya don in ci abinci. Sai yau na gane me ya sa ta fi kowa jin zafin abin.

Sadiku: Kawu, na tuba da wasan buhu. Iya ce take ɓoye min ƙanzo idan Inna ta hana ni abinci. Allah Ya sa aljanna ce makomarta.

Bashir: Amin. Ba zan kai ko'ina ba, Baffa. Amma ina roƙon alfarma ɗaya: a bar ni in je in ɗauki muryar Gwaggo Babba tana yin sautin nan, ba baiti, ba suna, in ajiye a gida. In ta tafi da shi shi ke nan.

Malam Sabi'u: Ba zan ce maka halal ne ba, ka san matsayina a kan kiɗa. Tsakaninka da gwaggonka ne.

Nura: Na cire hoton. Saura ita ƙwaryar, tana nan a ɗakina cikin buhunta. A binne ko a ajiye? Iyaye ku yanke.

Ummi: Hajiya Babba ta ce kada wanda ya taɓa ta. Ta sa na buɗe mata hoton da na adana na ƙara girmansa, ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan ba shi ne gogen da yake fita da shi ba. Wancan babba ne, fatar guza ce a kansa, kuma a gabanta ya cire jakin, wato ɗan abin da ke ɗage tsirkiya, ya tsinke izgar ya sa shi a wuta, sati guda da zuwan Iya. Wannan ƙaramin ita ya yi wa, tana 'yar shekara bakwai, don ta dame shi da kuka sai ya koya mata. Ya fara koya mata a bayan rumbu, Inna ta kama su, ta ce in ta sake gani za ta tafi gidansu. Ya karɓe ya ce ya jefa a rijiya. Ta ce ta yi kwana biyu tana leƙa rijiyar.

Ta ce Yaya Nura ya kawo mata kayanta ranar Juma'a bayan an sauko, a cikin buhun, kada ya biyo ta bakin kasuwa. Kuma wai ya haɗo da ƙaron.